Hanyar Adda da Diga: Injiniyoyin Runduna ta 81 a Kwarin Kaladan

A watan Disambar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, dubban sojojin Afirka ta Yamma na Runduna ta 81 suka yi sansani a Chiringa, wani ƙauye kudu da tashar jiragen ruwa ta Chittagong. Hanyar mota ta ratsa ƙauyen ta yi kudu tana bin gaɓar teku. Gabas kuwa sai duwatsu jeri bayan jeri, gora ta rufe su ruf, har mutum ba ya hango wanda ke taku goma a gabansa. Bayan duwatsun nan kogin Kaladan yake, a ƙasar Bama da yau ake kira Myanmar, kuma can ake so Runduna ta 81 ta sauka da bindigoginta kafin sojojin Japan su farga. Hanyar da mota za ta bi babu ita. Sai aka dubi injiniyoyin rundunar aka ce su samar.

Kafin watan Janairun 1944 ya ƙare, motar jif ta ratsa duwatsun ta isa Satpaung a bakin Kaladan. Tsawon hanyar ya kai mil 75, kusan kilomita 120, akasarinta kuma da hannu aka sare ta. Turawa suka raɗa mata suna West African Way, wato hanyar mutanen Afirka ta Yamma.

Kamfanonin injiniyoyin da suka jagoranci aikin ruwa biyu ne. Hafsoshinsu da wasu daga cikin sajojin Turawa ne da aka aro daga Royal Engineers, sashen injiniyoyin sojan Birtaniya mai babbar makaranta a garin Chatham. Sauran mutanen kuwa 'yan Afirka ne: kafintoci, maƙera, magina, direbobi, da samari majiya ƙarfi da aka koya wa ɗaurin igiya da dasa nakiya. Cikin taken sashen nan akwai kalma ɗaya ta Latin, Ubique, ma'anarta "ko'ina", domin ba filin dagar da babu su. Arewa ta san irinsu tun kafin yaƙi. Percy Girouard, wanda ya gaji Gwamna Lugga a 1907 ya kuma tsaya kan shimfiɗa hanyar dogo daga Baro, wadda ta iso Kano a 1911, hafsan wannan sashe ne. Shi kansa kwamandan Runduna ta 81, Manjo Janar Christopher Woolner, injiniyan soja ne.

Aikin injiniyan soja ba ya cika shiga waƙa. Idan za a ci gaba, shi ne a gaba yana tone nakiyoyi, yana share hanya, yana ɗora gada. Idan za a ja da baya, shi ne na ƙarshe, ya jira kowa ya haye sannan ya rushe gadar da ya gina da hannunsa. Saboda haka duk wanda ya bi sawun kamfanin injiniyoyi daga wannan zango zuwa wancan, zai ga yadda yaƙin ya tafi fiye da wanda ya bi labarin janar-janar.

Abin da ya kai su can ya faro ne a 1942, lokacin da Japan ta kori Birtaniya daga Bama har zuwa iyakar Indiya. Yunƙurin farko na komawa ta lardin Arakan ya watse a farkon 1943, domin sojojin Birtaniya da na Indiya sun ɗaure kansu ga hanyar mota, su kuwa Japanawa sai su zagaya ta daji su datse hanyar ta baya. Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana shugabancin sojojin Afirka ta Yamma, ya ga yana da maganin wannan: runduna mai ɗaukar kayanta a ka, wadda ba ta jiran mota ko alfadari. A watan Maris na 1943 aka kafa Runduna ta 81 a Najeriya, da bataliyoyi daga Najeriya, Gold Coast wato Gana ta yau, Saliyo da Gambiya. Alamar da suka ɗinka a kafaɗa baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizo na tatsuniyar Hausa, ƙaramin halitta mai kayar da manya da dabara.

A London an ɗauka duk baƙar fata ɗan kurmi ne. Da yawa daga cikin waɗannan samari kuwa 'yan ƙasar gero da dawa ne, daga Katsina, Sakkwato, Bauci, Barno da arewacin Gold Coast, inda mutum kan tsaya a bakin gona ya hango doki tun yana nesa. Kurmin Bama baƙo ne a wurinsu kamar yadda yake baƙo ga Baturen da ke ba su oda. Abin da ya haɗa su shi ne Hausar bariki, wadda ta daɗe tana zama harshen umarni a rundunonin Najeriya da Gold Coast, ko da yake sababbin hafsoshin da yaƙi ya kwaso da yawansu ba su ji ta sosai.

Tafiyar kanta makaranta ce. A tsakiyar 1943 suka fara shiga jiragen ruwa a Legas da sauran tashoshin gaɓar teku. Suka gangara kudu, suka zagaya ƙarshen Afirka ta Kudu, suka ratsa tekun Indiya makonni ba sa ganin komai sai ruwa, har suka sauka a Bombay, Mumbai ta yau. Aka yi musu horon daji a yankin Nasik, sannan jirgin ƙasa ya ratsa da su faɗin Indiya zuwa Kalkata, daga nan kuma ta ruwa zuwa Chittagong. A hanya aka cire birged guda ta 'yan Najeriya aka ba wa dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, masu kutsawa bayan layin abokan gaba. Birged biyu suka rage, su ne suka isa Chiringa. Sojan da kafin yaƙi yake fareti da jar dara, ƙafa ba takalmi, ga shi yanzu da but da korayen kaya da malafa mai faɗin baki, a gindin duwatsun da bai taɓa jin sunansu ba.

Ga yadda ake sarar hanya irin wannan. Da asuba hafsan injiniya da 'yan mutanensa za su shige gaba da kamfas, suna neman inda dutsen zai yarda a hau shi, suna sassaƙar bawon itace don alama. Masu adda na biye. Gora ba ta da daɗin sara: a sare ta a gindi ta ƙi faɗuwa, domin kawunanta sun sarƙe da na 'yan'uwanta a sama, sai an ja ta da ƙarfi, tsaginta kuma yana yanka hannu kamar aska. Bayan masu adda sai masu diga da shebur, su yanki gefen dutse su fitar da wani siririn dandamali daidai faɗin jif, ƙasar da suka tono su watsa ta kwari. Inda dutse ya ƙi diga, sai a huda shi a cusa nakiya, a busa usur, kowa ya kwanta. Ƙara ta tashi, ƙura ta lafa, a koma da shebur. Inda hawa ya yi tsaye da yawa sai a karya hanyar ta yi ta lanƙwasa tana hawa, har direba kan ja da baya kafin ya iya shan kwana.

Ga kuma rafuka. Mutanen ƙasar suna kiran rafi "chaung", kuma tsakanin kowane jerin duwatsu akwai su birjik. Kowanne sai an yi masa dabara: ko a sare itatuwa a nan take a jera gada, ko a shimfiɗa gora a kan laka a yi mashigi. Injiniyoyi su ne masu awo, masu nakiya da masu gada, amma yawan aikin ya fi ƙarfinsu su kaɗai. Bataliyoyin yaƙi sun ajiye bindiga sun ɗauki diga, haka ma rukunonin 'yan dako na rundunar. Da dare sanyin hunturu ya sauko a kan duwatsu, sauro ya fito, kowa ya haɗiyi ƙwayar mepacrine ta rigakafin zazzaɓi, gari ya waye a koma bakin aiki.

Hanyar ta wuce ta Mowdok a kan iyakar Indiya da Bama, ta gangara Kaladan. Da aka isa kogin ba a tsaya ba, aka ci gaba da jan ta kudu a bayan sojoji, ta Paletwa. Sai dai siririyar hanyar jif ba za ta ciyar da dubban mutane ba. Abincinsu daga sama yake zuwa. Runduna ta 81 ce ta fara zama babbar runduna ta yau da kullum da aka riƙa ciyarwa kacokan ta jirgin sama. Jiragen Dakota su zo ƙasa-ƙasa su yi ta zagaye, su saki harsashi da magani da laima, buhunan shinkafa kuwa a turo su haka nan su faɗo tim. Wannan ya ƙara wa injiniyoyi sabon aiki: share filin da za a jefo kaya, fasa kunyoyin gonakin shinkafa da suka bushe a baje su jirgi ya sauka ya kwashi masu rauni, ɗaure gora a yi abin fito, gyara kwalekwalen mutanen ƙasar don dakon kaya a kogi.

Zuwa ƙarshen Fabrairun 1944 sun kai Kyauktaw, inda kwarin ya buɗe ya zama fadamar shinkafa. Aikin da aka ba su shi ne tsare gefen hagu na babbar rundunar Janar Philip Christison da ke gangarawa ta gaɓar teku. A farkon Maris Japanawa suka zagayo ta gabas suka ƙwace tudun da Turawa ke kira Pagoda Hill, wanda ke kallon Kyauktaw. Tilas rundunar ta ja da baya. A cikin ruɗanin kwanakin nan ne aka yi wa wani ayarin ma'aikatan jinya kwanton ɓauna a bakin kogi, aka harbi wani saurayi ɗan Najeriya, Isaac Fadoyebo. Wani Musulmi mutumin ƙauyen, Shuyiman, ya ɓoye shi tare da wani ɗan Saliyo wata da watanni yana ciyar da su, alhali ya san in Japanawa suka gano, kansa ne zai biya.

Daga baya aka umarci rundunar ta ƙetare duwatsu ta yi yamma, sannan damina ta sauka. Ruwan Arakan ba irin na ƙasar Hausa ba ne. Abin da ke zuba a garin Akyab na gaɓar tekun Arakan a shekara ya haura milimita 4,500, ninki huɗu ko biyar na abin da Kano ke samu. Gefen duwatsu ya zaftaro, rafuka suka cika suka tafi da gadojin itace, matsattsaku suka cika ciyawa. Hanyar da aka zubar wa gumi makonni ta yi aikinta na rani ɗaya, damina ta cinye ta.

A nan darasin ya fito, kuma shugabannin yaƙi sun karɓe shi. A watan Agustan 1944 aka sauke Woolner aka naɗa Manjo Janar Frederick Loftus-Tottenham. Da ruwa ya ɗauke, rundunar ta sake shiga Kaladan, wannan karon ba ta ɗaure kanta ga mota ba. Abin da jirgi ya jefo, kai ne ke ɗaukarsa. 'Yan dako, waɗanda yawancinsu adda ce kaɗai makaminsu, suka ɗauki harsashi da rediyo da sassan bindigogin turmi, su ne kuma masu ɗaukar wanda aka harba a kan makarar gora. Injiniyoyi suka koma sarar turbar ƙafa, yanka matakala a jikin dutse, fito da mutane a kogi, da share ƙananan filayen jirgi zango bayan zango. Runduna ta 82, wadda ta biyo baya daga Afirka ta Yamma, ta bayyana wannan gaskiya a kafaɗarta: alamarta masu biyu ne gicciye a kan gammo.

A farkon Janairun 1945 aka shiga Akyab ba tare da harbi ba, domin Japanawa sun fice. Kafin watan ya ƙare rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan mai ɗaruruwan wuraren ibadar Buda. Daga nan aka janye Runduna ta 81 zuwa kudancin Indiya, ita kuwa ta 82 ta ci gaba da gangarawa kudu ta Dalet, Tamandu, An da Letmauk.

A daidai wannan lokaci, can arewa maso gabas, wasu injiniyoyin suna nuna inda sana'ar ta dosa. A Disambar 1944 injiniyoyin sojan Indiya suka shimfiɗa gada mai yawo a kan kogin Chindwin a Kalewa, tsawonta ƙafa 1,154, cikin 'yan kwanaki. Irin gadar Bailey ce, wadda Donald Bailey ya ƙirƙiro a Ingila a farkon yaƙin: allunan ƙarfe masu tsawon ƙafa goma, kowanne mutum shida ke ɗauka, a haɗa su da ƙusoshin ƙarfe a tura ta tsallaken kogi ba tare da injin ɗaga kaya ba. A yaƙi ɗaya, a ƙasa ɗaya, ga masu gadar ƙarfe, ga masu gadar gora. Bayan yaƙi ƙarfe da katafila suka yi rinjaye. Yau injiniyoyin sojan Najeriya a Makurɗi suke da makarantarsu, suna ɗora gadar ƙarfe idan ambaliya ta yanke hanya, suna tone bama-bamai a hanyoyin Arewa maso Gabas da na'urori masu shinshino ƙarfe. Aikin da ya ci ɗaruruwan hannaye mako guda, inji ɗaya kan gama shi da hantsi.

A 1946 akasarin sojojin suka dawo gida. Sun dawo da abin da ba ya cikin jaka: tuƙin mota, kanikanci, aikin katako, karatun boko kaɗan, da idon da ya ga talaucin Kalkata ya kuma ga Bature cikin tsoro da jini kamar kowa. Wasu suka zama direbobin manyan motoci, wasu suka shiga aikin En'e ko na ma'aikatar ayyuka, wasu suka koma gona da lambobin yabo a cikin adaka. Alkawuran aiki da kuɗin sallama da yawa ba su cika ba. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji a Accra suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna da takardar kokensu, 'yan sanda suka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta tafiyar da ta kai Gana ga 'yancin kai a 1957. A ƙasar Hausa kuwa aka riƙa kiransu 'yan mazan jiya, yara na zagaye su da dare a ƙofar gida suna jin labarin Yaƙin Hitila, har suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Zangunan tafiyarsu suna nan a rubuce a jikin barikoki. A Kaduna akwai Barikin Dalet, a Zariya akwai na Chindit, a Ibadan akwai Letmauk. Legas tana da Arakan, Tamandu, An da Myohaung. Accra tana da Burma Camp, Takoradi tana da nata Myohaung, Tamale tana da Kaladan. Kullum ɗan acaɓa da fasinjansa suna ambaton waɗannan sunaye suna cinikin kuɗin hanya, kaɗan ne suka san cewa Dalet sunan rafi ne a gaɓar tekun Bengal.

A ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew akwai littattafan da kowane kamfani ya riƙa cikewa kullum: an tashi daga wuri kaza ƙarfe kaza, an gina gada a rafi kaza, ruwa ya hana aiki. Sunayen hafsoshi sun yawaita a ciki, masu adda kuwa sau da yawa adadinsu kawai ake gani. Sunayensu sun fi fitowa a maƙabartu. A maƙabartar yaƙi ta Chittagong akwai kaburburan 'yan Afirka ta Yamma a jere da na Turawa da Indiyawa, a Taukkyan kuma, kusa da Yangon, an zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba. A irin waɗannan wurare ana ganin yadda akawun soja ya riƙa rubuta mutanen Arewa: sunan yanka, sai sunan garin da mutum ya fito a maimakon sunan uba.

Ƙasar da suka ratsa ita ma ta sauya. Chiringa yanzu tana Bangladesh, a gundumar Cox's Bazar, inda Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsero daga Arakan a 2017, al'ummar da mutane irin Shuyiman suka fito daga cikinta. Arakan ta zama Rakhine, Akyab ta zama Sittwe, Myohaung ta koma tsohon sunanta Mrauk-U. A 2008 Indiya da Myanmar suka ƙulla yarjejeniyar buɗe kwarin Kaladan ga fatauci: tashar jiragen ruwa a Sittwe, jiragen dako su hau kogin zuwa Paletwa, daga nan kwalta mai kimanin kilomita 110 ta ratsa duwatsu zuwa iyakar jihar Mizoram. An buɗe tashar Sittwe a Mayun 2023. Kwaltar kuwa, da katafiloli da manyan kamfanoni da kuɗin gwamnati, shekaru sun yi ta wucewa ba ta haɗe ba, damina na zaftare gefen duwatsu, faɗa na korar ma'aikata. A Janairun 2024 mayaƙan Arakan Army suka ƙwace Paletwa daga hannun sojojin Myanmar, shekara 80 cif bayan watan da jif ta farko ta gangaro bakin kogin a kan hanyar da 'yan Afirka ta Yamma suka sare da adda.